Kafin Ka Farke Ɗinkin Nan, Saurare Ni

Ƙannena masu tasowa, musamman ku da Allah ya ba hannu, maganar nan taku ce. Malalaci ba ya buƙatarta, shi maganinsa daban. Ina nufin yaron da maigida ke ɗauko aikinsa ya nuna wa baƙi, da yarinyar da ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya a aji ba, duk wanda tun yana ƙarami aka saba ce masa "kai ai ba ka kuskure". Yabon yana da daɗi, amma wanda ya ɗauke shi da gaske zai sha wuya.

Ni mai ɗinkin hannu ne, aikin babbar riga na koya a nan cikin birnin Katsina. Abin da ya tayar mini da tsohon miki wani fim ne na Amurka da ƙanen matata ya kunna mini a kwamfutarsa, sunansa Black Swan, wanda Darren Aronofsky ya ba da umarni, ya fito a 2010. In faɗa muku tun da wuri, akwai wurare a cikinsa da ba su dace da tarbiyyarmu ba, har sai da na ce ya riƙa tsallakewa. Ban ce ku je ku nema ba. Labarin zan ba ku, ya ishe ku.

Wata budurwa ce mai suna Nina, 'yar rawar bale a birnin New York. Bale rawa ce ta Turawa wadda mata ke tsayawa a kan ƙarshen yatsun ƙafa cikin wani takalmi mai taurin baki. Tun ana yara ake fara koyonta, kuma mafi yawan masu yin ta kafin su cika shekara 40 jiki ya ce ya gaji. Ƙungiyarsu za ta nuna wani tsohon wasa, Swan Lake, wanda Tchaikovsky na Rasha ya tsara wa kiɗa, aka fara nuna shi a Moscow a 1877. A wasan mace ɗaya ce ke fitowa a matsayi biyu: farar tsuntsuwa mai kunya da rauni, da baƙar tsuntsuwa mai yaudara da rawar kai. Akwai inda baƙar ke jujjuyawa sau 32 a kan ƙafa ɗaya ba tsayawa. Nina ta iya farar kamar don ita aka yi ta, ba ta kuskuren taku ko ɗaya. Baƙar ce ta gagare ta, domin ita tana son sakin jiki, Nina kuwa ba ta san yadda ake sakin jiki ba. Tana ƙirga kowane motsi, tana tsoron kowane ido.

Daga nan abu ya fara lalacewa. Ba ta cin abinci sosai, tana sosa bayanta har ya yi jini ba ta sani ba. Uwarta, wadda ta bar rawa saboda haihuwarta, ta tsare ta kamar jinjira. Sai ga wata sabuwar yarinya, Lily, wadda ba ta kai ta tsabtar taku ba amma rawarta na da rai. Nina ta sa a ranta cewa wannan ta zo ƙwace mata matsayi ne. A daren wasan ta ga kamar ta soke Lily da fasasshen madubi, ashe kanta ta soka. Ta yi rawar da ba ta taɓa yin irinta ba, mutane na tafi, ita kuwa tana kwance cikin jini tana murna wai ta kai ga kamala.

A nan ni da mai fim muka raba hanya. Ya ƙawata wannan ƙarshe da haske da tafi har mai kallo ya ji kamar cinikin ya yi riba. Bai nuna mana uwar washegari ba.

Ga tawa. Lokacin ina gaban maigidana, wani azumi, wani dattijo ya kawo farar shadda mai tsada a yi masa aska takwas, da ita zai je kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro. Maigida ya miƙa mini, wanda a shagonmu wannan babbar shaida ce. Na zauna a kanta dare da rana, aikin ya kusa kammala tun kafin goman ƙarshe. Sai wata safiya na ga kamar aska ɗaya ta ɗan karkace. Na nuna wa maigida, ya ɗaga rigar a haske, ya juya ta, ya ce, "Ɗana, ba komai a nan, ƙarasa aljihun." Na ce to. Da ya tafi masallaci na ɗauki reza na farke. Da na sake ɗinkawa sai ta fi maƙwabciyarta matsewa, na farke maƙwabciyar ita ma. Duk mai ɗinki ya san shadda ba ta yafe huda, inda allura ta bi sau biyu sai ya nuna. Daren Sallah ya same ni da riga rabi a farke, wurin ya yi duhu da gumin hannu. Dattijon da tsohuwar rigarsa ya yi Idi, maigida kuma ya biya kuɗin shaddar daga aljihunsa.

Abin da ya ce mini bayan Sallah bai da tsawo. Ya ce mai riga bai sayi tunanina ba, riga ya saya, kuma ranar da aka yi alkawari tana cikin kyan aikin. Ni a lokacin haushi na ji, ina ganin bai fahimci irin nawa idon ba. Girman kai ne ya sa rigar ƙwarewa, na daɗe ban gane shi ba.

Na biyun ya fi ba ni kunya. Akwai wani abokin koyona, mai surutu da dariya, yana aiki yana sauraron rediyo, tsakar rana ya miƙe ya yi barcinsa. Ɗinkinsa bai kai nawa laushi ba, amma yana gamawa, masu kaya kuma suna fita da fara'a. Na ƙulle shi a zuciya. In ya yi raɗa da maigida sai in ce da ni suke. In zarena ya ɓace shi nake zargi. Shi bawan Allah bai ma san muna gasa ba, kullum da rabona a ƙosan da yake saye. Da na ga yadda Nina ke kallon Lily, sai da na sunkuyar da kai. Idan ka fara ganin maƙiyi a kowane wanda ya iya abin da ka iya, binciki kanka tukuna kafin ka je neman tsari.

Za ku ce ai addini ma ya ce a kyautata aiki. Haka ne, an ruwaito cewa Allah yana son idan ɗayanmu ya yi aiki ya inganta shi. Amma ku dubi alwala. Wanki uku ne iyaka, wanda ya wuce nan bai ƙara lada ba. Kun san mutumin da ke tsugune da buta yana maimaita wanke hannu har liman ya yi sallama. Ba wanda ke kiransa mafi tsarkin unguwa, waswasi ake cewa yana damunsa, kuma malamai suna ce masa ya yi watsi da kokwanton ya wuce. Abin da na yi wa rigar dattijo ke nan. Mai kyautata aiki yana da inda yake tsayawa, kuma yana yarda da idon wanda ya fi shi sani.

Sai jiki. Shekarun nan na yi su ne da goro da shayi mai kauri, ga fitilar da ba ta da haske. Yau ba na iya zura zare sai da tabarau, bayana kuma yana gaya mini sanyi ya kusa tun kafin hunturu ya shigo. Ku naku zamanin ya fi haɗari, domin na san abin da wasu yaran shaguna ke haɗiya a goman ƙarshe don kada barci ya ɗauke su. Ba banza gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba, tramol kuma kun ga yadda ya mayar da samarin da muka sani. Hadisi ingantacce ne cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka. Kayan da ba za ka iya gamawa ba sai da ƙwaya, kada ka karɓa tun farko.

Wani abu game da fim ɗin da ya kamata masu bin hotunan Instagram da TikTok su sani: Natalie Portman, wadda ta fito a Nina, ta yi kusan shekara tana horo, ta rame sosai, ta kuma ci kyautar Oscar a 2011. Amma bayan nan wata ƙwararriyar 'yar rawa, Sarah Lane, ta fito ta ce wurare masu wuya da dama jikinta ne, aka ɗora fuskar jarumar da kwamfuta. Masu fim sun musanta yawan da ta faɗa, sai dai ba su musanta cewa ta yi aikin ba. Wato ko rawar da aka nuna a matsayin marar aibi, mutum biyu ne da na'ura suka haɗa ta. Haka hular da kake gani a waya kana raina taka, an zaɓi haske, an zaɓi gefen da ya fi kyau.

Yanzu a shagona yaro ba ya farke komai sai ya rataye rigar ya ja baya ya kalle ta daga inda mai gaisawa da mai ita zai tsaya. In bai ga aibin daga can ba, a bar shi. In ya gani, a ajiye har safiya, sannan wani ya duba, ba shi ba. Mafi yawan lokuta da safe shi da kansa yake neman wurin ya rasa.

Idan kuwa abin ya wuce nan, barci ya ƙaurace maka kwana da kwanaki, abinci ya fita ranka, kana jin ana maganarka alhali ba kowa, ko ka fara ji wa kanka ciwo, to ba a shago za a gyara shi ba. Ka gaya wa babba a gida, ku yi addu'a, ku kuma je asibiti a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Ga asibitin koyarwa na tarayya nan cikin gari, ba sai an tafi Kano ko Kaduna ba kafin a fara ganin likita. In kunya ta hana ka zuwa kai kaɗai, ka ce yayanka ko kawunka ya raka ka.