Shekarar da na koyi cewa "a nuna mini takarda"

Duk wanda ya gama ƙaramar difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ya san ƙa'idar da hukumar NBTE, mai kula da ilimin fasaha a Najeriya, ta shimfiɗa: ba ka komawa babbar difloma sai ka yi shekara guda kana aikin sanin makama, wanda muke kira IT. Da yawa cikin abokan karatuna takardar shaida kawai suka nema, aka buga musu hatimi suka koma kasuwa. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san nauyin da ke wuyansa. Ni kawuna ne ya riƙe hannuna ya kai ni wani ƙaramin kamfanin akantoci a Kano, a watan Oktoban 2022. Mai kamfanin ɗan ƙungiyar ICAN ne, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Najeriya wadda aka kafa tun 1965, kuma sa hannunsa da hatiminsa ne suke mai da tarin takardunmu rahoton odita. Alawus ɗin da aka yanka mini kuɗin adaidaita sahu ne da ɗan abin kalaci.

An haɗa ni da wata babbar ma'aikaciya da kowa yake ce wa Hajiya. Makonnin farko ba wani abin faɗa: fotokwafi, jera fayil, ɗaukar jaka. Daga nan ta zaunar da ni a kan bauca, wato takardar shaidar biyan kuɗi. Ka ɗauki kuɗin da aka ce an kashe a littafi, ka nemo baucarsa, ka ga rasit, ka ga wanda ya amince a biya, ka bi shi har cikin takardar banki. Idan duk sun haɗu sai ka sa alama. A ƙasan kowace takardar aiki kuma sai ka rubuta ma'anar alamar, da kwanan wata, da sunanka. Hajiya takan ce, wanda bai taɓa taka wurin ba ya kamata ya ɗauki takardarka ya gane abin da ka yi ba tare da ya kira ka ba. A lokacin na ɗauka tsabar son tsari ne irin nata.

Lissafi bai ba ni wuya ba, na zo da shi daga makaranta. Abin da ba a koya mini a aji ba shi ne yadda zan dubi sa'an mahaifina in ce masa ya nuna mini shaida. A gidanmu idan babba ya faɗi magana, ta zauna. Ka ce ya kawo takarda, kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Mahaifiyata ma da ta ji irin aikin, cewa ta yi tana tsoron in zama mai tona asirin mutane.

Ranar Asabar, 31 ga Disamban 2022, aka tura ni ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara a wani kamfanin casar shinkafa da ke Sharaɗa. Hunturu ya buɗe sosai, ƙurar shanshera ta cika iska. Aikin odita a ranar shi ne ya tsaya ya ga yadda ma'aikatan kamfanin suke ƙirga, sannan ya gwada da kansa: ya ɗauki wasu daga takarda ya je ya gan su a ƙasa, ya ɗauki wasu daga ƙasa ya nemo su a takarda. Buhuna a jere suke tsibi-tsibi, sai ka ƙirga tsawo da faɗi da hawa ka ninka, ka hau sama ka tabbatar tsakiyar ba rami ba ce. Sitokifan, wato mai kula da siton, dattijo ne mai farin gemu. Shi ya ja mu sallar azahar, shi ya aika aka sayo mini shayi da burodi.

Bayan la'asar saura tsibi ɗaya can ƙuryar sito, leburori sun gaji, tsani yana wani ɗakin. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, wannan buhu ɗari takwas ne cif, a gabana aka jera shi." Na dubi gemunsa, na tuna shayin. Na rubuta 800, na sa alamar da take nufin na ƙirga.

Da muka koma ofis bayan hutun sabuwar shekara, Hajiya ba ta yi minti biyar da takardata ba ta ɗago kai. Kowane tsibi akwai lissafin tsawo da faɗi da hawa a gefensa, ban da wannan. Ta tambaye ni dalili, na faɗa mata gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alamar nan cewa take yi na gani da idona. A kanta Oga zai sa hannu, a kan sa hannunsa banki zai ba da bashi. Ka rubuta ka gani alhali ji ka yi." Har yau idan na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina, don shaidar zur ce na yi, ko da kuwa ladabi ne ya kai ni.

Ta mai da ni Sharaɗa washegari. Tunda ranar ƙidaya ta wuce, dole in ƙirga abin da ke ƙasa yanzu, in haɗa da abin da ya fita tun 31 ga wata, in cire abin da ya shigo, in komo baya zuwa adadin ranar. Na hau tsibin, na bi takardun fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Adadin Baba ya fito daidai, ɗari takwas. Amma a cikin takardun na tarar da abin da ban zo nema ba. Wani kaso na tsibin an riga an sayar da shi kwana biyu kafin ƙarshen shekara, an rubuta cinikin a littafi, tirelar mai kayan ce ba ta zo ba sai a Janairu. Ke nan buhu ɗaya ya shiga lissafi sau biyu, a ciniki da kuma a kayan sito, ribar shekarar ta kumbura ba tare da kowa ya yi niyya ba. Sai da aka gyara asusun.

Da na nuna wa Baba, cewa ya yi, "Ai da ka tambaye ni na wane ne, da na faɗa maka." Na ba shi haƙuri a kan dawowar da na yi, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Ya ce gani ya kori ji. Sannan ya ba ni labarin wani wuri da ya taɓa aiki, inda kaya suka ɓata aka ɗora masa, ba abin da ya wanke shi sai takardar ƙidaya da wani odita ya sa wa hannu. Ashe ƙirgar da nake jin kunyar yi, shi ne mutum na farko da take karewa.

Ban gama jimamin wannan ba sai ga canjin kuɗi. Daga Janairu zuwa Maris na 2023 takardun naira suka yi ɓatan dabo, kowa ya koma taransfa. A wasu wuraren da muke duba musu littafi wata-wata, mun tarar masu saye suna tura kuɗi asusun kashiya ko na yaron shago saboda na kamfani ya ƙi karɓa, ga kuɗin cajin masu POS da ba shi da rasit. Roƙon mutum ya buɗe maka asusunsa na kansa ya fi ƙirga buhu wuya nesa ba kusa ba. A nan na samo lafazin da nake amfani da shi har yanzu: "Ranka ya daɗe, taimaka mini da takardar, don idan an tambaye ni in sami abin nunawa." Ba dabara ba ce, gaskiyar ke nan, za a tambaye ni.

Akwai abubuwan da suka dame ni. Wani zai zo da takardun shekara guda a cikin jakar Ghana-must-go, ba littafi ba tsari, yana son rahoto cikin mako. Wani ya fito fili ya nemi asusu biyu, mai riba don banki, marar riba don haraji. Ina zaune Oga ya tura masa fayil ɗinsa ya ce ya nemi wani wurin, a watan da na san albashi ma da ƙyar aka haɗa. Da ƙaramar sallah wani ya aiko wa kowannenmu buhun shinkafa, aka mai da su da godiya mai yawa. Mai da kyauta abu ne mai ciwo a wurinmu, na kuma ga yadda ya yi wa Hajiya ciwo, amma wanda ya ci shinkafar mutum ba ya iya hawa tsibinsa.

Yuni ne watan wahala. Kamfanin da shekararsa ta ƙare a Disamba, doka ta ba shi wata shida ya miƙa bayanan harajinsa ga FIRS, hukumar tara harajin tarayya ta wancan lokacin, wato 30 ga Yuni. A shekarar babbar sallah ta faɗo 28 ga watan, ga fetur ya haura naira 500 tun bayan cire tallafi a 29 ga Mayu, janareto sai da awo. Mun yi kwanaki muna tashi bayan isha'i, muna daidaita Excel da batirin da ya rage. A fayil na ƙarshe Hajiya ta bar mini sashen kayan sito gaba ɗaya, ta duba ta sa hannu ba gyara ko ɗaya.

Na gama a Satumba, na koma makaranta, na yi rajistar jarabawar ATS ta ICAN, wato ta matakin ƙananan akantoci. A ƙarshen Disamban 2023 hannu ya yi musu kaɗan, suka kira ni in taya su ƙidaya, kuma Sharaɗa aka sake tura ni. Ina shiga sito na gaida Baba, ya amsa, ya nuna mini ƙurya da sandarsa. Ya ce, "Ga tsani can na jingine maka, ɗana. Fara da na baya."