Inda na kai da manyan mazarai a fadamar Argungu

Salamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar mazari. Ga inda aiki ya kai a daminar bana kan manyan nan na jinsin Anax, wanda masani Leach ya raɗa wa suna a 1815.

Abin da ido ya fara sabawa da shi shi ne zamansu. Ƙananan mazarai kan sauka bisa kara, su tashi, su dawo nan dai. Manyan kuwa wuni suke suna sintiri a kan ruwa, in sun gaji su rataye jikin reshe, jela ƙasa. Shi ya sa ba na bin su da waya. Nakan tsaya daidai inda namiji ke juya kai a ƙarshen sintirinsa, don a nan yake rage gudu, hoto ya fita.

Anax imperator ba ya wuyar ganewa: ƙirji kore, jela shuɗiya mai baƙin layi, tsawonsa kusan santimita 8. Macensa ita kaɗai take saka ƙwai. Na ga wata a kan ganyen bado ta lanƙwasa jela cikin ruwa tana soka ƙwai a jikin tsiron, ta gusa kaɗan ta sake sokawa.

Amma wanda ya kama min zuciya shi ne Anax ephippiger. Launinsa na rairayi ne, sai ɗan shuɗi a gindin jelar namiji kamar an ɗaura masa sirdi. A nan za ku duba, ba a fiffike ba. Namijin yana riƙe da macen ta ƙeya har lokacin da take ƙwai, abin da ba kasafai ake gani a danginsu ba. Ruwan da ke ƙafewa da rani ne gidansa, don 'ya'yansa na gama girma cikin wata 2 zuwa 3, kafin kududdufi ya bushe. Daga nan su bi iska, wasu su ƙetare Sahara har Turai. Wallahi duk sanda na gan shi a kan ruwan da shanu ke sha sai na tsaya.

Anax tristis, baƙin nan da ya haura santimita 11, shi nake fako yanzu.

Sabon abin da na ƙara shi ne tara saɓa. Da sassafe nakan duba jikin kacalla, taƙi ɗaya ko biyu sama da ruwa. Nan ake samun fatar da ɗan mazari ya bari, a tsage ta baya, da fararen zare-zare na leƙowa. Ita ce shaidar cewa a ruwan nan aka ƙyanƙyashe shi, ba wucewa ya yi ba. Ku sa ta a kwalba busasshiya, ku rubuta rana da wuri. Ba sai an kashe ko ɗaya ba.

'Yan'uwa na Yauri da na Bakolori, don Allah ku sa ido da kaka, ruwa na ja da baya. Wanda ya ga mai sirdin nan sun taru da yawa, ya rubuta ranar da kuma inda suka nufa.