Matsirgar Tanugu, a gindin duwatsun Atakora

Mu mutanen Maraɗi ruwa iri biyu muka sani. Akwai Gulbi, mai cika da damina ya malale fadama, rani na yi ya bar mana yashi. Akwai kuma tabkin Madarunfa, yana kwance, masunta na kai da komo a kansa. Yaron da ya koyi iyo a waɗannan sai ya ɗauka ya gama sanin ruwa. Matsirgar Tanugu ta arewacin Benin, ruwa mai zubowa daga kan dutse, halinta daban ne.

Cikin hunturun farkon 2018 na raka maigidana Alhaji zuwa Kwatano. Da aka gama lodin kaya, manyan motoci suka kama hanya, mu kuma muka biyo baya a ƙaramar mota ba tare da gaggawa ba. A Paraku, maimakon mu miƙe Kandi da Malanbil mu haye gadar Gaya, direbanmu, ɗan Jugu, ya lallashi Alhaji muka karkata yamma. Jugu tsohon zango ne na fataken goro masu tafiya Gwanja daga ƙasar Hausa, kuma har yau ba ka rasa mai amsa maka da Hausa a kasuwa. Daga nan sai Natitingu, sai Tangiyeta, inda muka rabu da kwalta muka hau jar hanya mai bin gindin duwatsun Atakora.

Tanugu ƙauye ne a bakin gandun dajin Panjari, kan hanyar ƙofar Batiya. Panjari da gandun Arli na Burkina da gandun W, wanda ƙasarmu take da kaso a ciki, daji ɗaya ne a haɗe. UNESCO ta sa namu ɓangaren cikin wuraren gadon duniya tun 1996, ta haɗa da sauran a 2017.

A lokacin ana biyan kuɗin shiga a ƙauyen, a haɗa ka da saurayin da zai yi maka jagora. Kada ka ce ba ka so. Hanyar gajeriya ce amma dutse ne, kuma duk inda feshin ruwa ya taɓa akwai gansakuka mai santsi kamar yauƙin kuɓewa. Jagoran ya dubi takalman Alhaji, sau-ciki na fata, ya girgiza kai. Na ce, "Ranka ya daɗe, a cire su, ƙafa ta fi kamun dutse." Alhaji ya ce, "Kai yaro, da girmana?" Ya cire dai, ya naɗe babbar riga ya miƙo mini.

Kafin ka ga ruwan za ka ji shi, kuma za ka ji iska ta sauya. A waje ciyawa ta bushe, ƙura ta rufe sama, leɓe na tsagewa. Cikin kwazazzabon nan kuwa bishiyoyi kore shar, inuwa ta lulluɓe wurin. Matsirgar hawa biyu ce: ta ƙasa ƙarama, sai ka hau duwatsu ka iske babbar, tana zubowa daga bangon dutse cikin wani kududdufi mai faɗi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne watanni sun wuce ba a ga ɗigon ruwan sama ba, amma ga shi yana zuba. Dutsen yana shan ruwan damina ta tsagoginsa, itatuwan kansa suna hana shi gudu lokaci ɗaya, sai ya riƙa sakinsa a hankali. Wanda ya ga yadda gatari ya ci dazuzzukan kudancin Maraɗi, dole ya yi shiru a nan.

Samarin ƙauyen suna hawa bangon dutsen su diro cikin ruwa, baƙi su ba su ɗan abin da ya samu. Kallo kawai ya kamace ka. Su sun san inda zurfi yake da inda dutse ya ɓuya. Kuma daidai inda ruwan yake faɗowa, jagoran ya hana ni matsawa: ruwan wurin cike yake da kumfa, ba ya ɗaukar jiki yadda ruwan tabki yake ɗauka, sannan yana juyawa ya mai da mutum ƙasa. Ga sanyi mai ƙage tsoka. Na tsaya gefe inda ƙafata take taɓa ƙasa, na yi wanka na fito. Alhaji alwala kawai ya yi, ya ce ta ishe shi.

A lokacin zuwa da sassafe ya fi, kafin motocin masu fitowa daga gandun su cika wurin. Waya a sa ta cikin leda. A riƙe guzuri, kilishi da dabino sun yi mana rana. In an miƙo maka ƙwarya a ƙauyukan Atakora, ka tambaya kafin ka kai baki, don suna da wata giyar dawa da suke kira cukutu, a ido sai ka ce kunu ce.

Washegari muka shiga gandun ta Batiya. A tabkin Bali muka ga ɓauna da gwanki da gadu sun zo shan ruwa, daga baya giwaye suka ƙetare mana hanya. Zaki dai sawunsa kawai aka nuna mana.

Yau tafiyar ba ta yiwuwa yadda muka yi ta. A watan Mayun 2019 ƴan bindiga suka sace Faransawa biyu a cikin Panjari, suka kashe jagoransu, kuma daga ƙarshen 2021 hare-hare suka yawaita a yankin. A 2023 kuma aka rufe gadar Gaya da Malanbil. Mai niyyar zuwa ya fara jin halin da ake ciki daga bakin direbobin da suke bin hanyar, da hukumar gandun, kafin ya ɗaura kaya.