Kafin ka watsa yuriya, ka san inda za ta

Ƙannena masu shigowa harkar noma, sai da na yi asarar buhunan taki kafin na fahimci aikin da yuriya ke yi a jikin shuka. Shuka da kanta take haɗa abincinta a cikin ganye, daga hasken rana da ruwa da iskar kabon. Naitirojin, wanda shi ne kashi 46 cikin 100 na buhun yuriya, kayan aikin wannan haɗin ne. Da shi ake gina koren ganye, da kuma wani furotin mai suna rubisko da ke kama iskar kabon. Duk naitirojin da bai isa cikin ganyen da rana ke bugawa ba, kuɗinka ne ya tafi a banza.

Daminar da na fara noman masara, ganyen ƙasa suka soma yin rawaya daga tsini, rawayar na bin jijiyar tsakiya. Na gane yunwar naitirojin ce, domin haka shuka ke yi, ta kwashe shi daga tsofaffin ganye ta kai wa na sama. A wajen magani na ɓata. Na watsa yuriyar gaba ɗaya a bisa ƙasa, ban rufe ba, kuma ban yi maimai ba tukuna. Yuriyar da aka bari a fili, da zarar ta sha ɗan laima ga zafin rana, wani kasonta sai ya zama iskar amoniya ya tashi. Sauran kuwa ciyawa ta riga masarar.

Kada ku raina ciyawa. Masana sun kasa yawancin tsirrai gida biyu, C3 da C4. Shinkafa, alkama, wake da gyaɗa suna gidan C3, kuma rubisko kaɗai kan cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na naitirojin ganyensu. Masara, dawa, gero da rake suna gidan C4. Su suna da hanyar tara iskar kabon a kusa da rubisko, saboda haka kaɗan daga cikinsa ya ishe su, kuma da naitirojin ɗaya sun fi 'yan C3 haɗa abinci, musamman a zafi irin namu. To ga inda gizo ke saƙar: harkiya, kiri-kiri, aya-aya, tofa da alayyafon daji duk 'yan C4 ne. A gonar masara karo ne na tsara da tsara. A gonar shinkafar tudu kuwa, ciyawar ta fi shukarka iya juya taki ya zama ganye, sai ta yi tsawo ta tare mata rana. Wanda ya zuba taki kafin ya yi noma, ciyawa ya yi wa hidima.

Da wake ma na yi wata ɓarnar. Ganin yuriya na kawo kore, na zuba masa ita da yawa. Ya yi ganye shar har masu wucewa na yabawa, ranar roro sai harawa ta fi ƙwaya. Ku tumɓuke wake guda ku duba saiwarsa, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin bakteriyar da ke ciki suna jawo masa naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Yawan yuriya na sa wannan aikin ya ja baya. Wake ya fi bukatar takin fosfeto, irin supa.

Gawon da ke tsakiyar gonarmu kuma da hannuna na sa aka sare shi, wai yana cin wuri. Har yau abin na damuna. Gawo dangin wake ne, yana zubar da ganye da damina lokacin da shuka ke son rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Manoman Damagaram da Maraɗi sun san dalilin da ya sa suke rainon shi a gonakin gero.

Yanzu ga yadda nake yi da masara: NPK a farkon tsiro, yuriya kuma bayan maimai, wajen mako huɗu zuwa shida da shuka, sa'ad da masara ke gaggawar yin ganye kafin goyo. Ina haƙa ɗan rami kamar tazarar yatsu huɗu daga gindi, in zuba, in rufe, a ƙasa mai laima. Idan hadari ya haɗu sosai nakan dakata, don ruwa mai ƙarfi na wanke taki daga jigawa. Wanda kuɗinsa bai kai buhu ba, ya duba dabarar da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore a Nijar ta yaɗa ga manoman gero: NPK giram 6, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, a kowane rami lokacin shuka, a haɗa da takin gida in akwai.