Abin da aikin asibiti ya koya min kan ruwa da sugan mata

A ɓangaren masu ciwon suga da nake aiki, duk macen da na gwada na ga sugan ta ya hau sai na tambaye ta yau ruwa nawa kika sha, yawanci amsar ɗaya ce, ai ban ji ƙishi ba.

To in ruwan jiki ya ragu, sugan da ke cikin jini yana nan yadda yake amma ruwan da ya narke a ciki ya yi kaɗan, dole na'ura ta nuna ya hau. Sannan ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari, basofiresin, don ƙoda ta riƙe ruwa, shi ɗin kuma yana zuga hanta ta sako ƙarin suga. Inda abin ya fi muni, da zarar suga ya wuce wajen 180 a na'ura mai awon mg/dL sai ƙoda ta fara zubar da shi a fitsari yana jan ruwa yana fita da shi, mace ta yi ta zaryar banɗaki tana ƙara bushewa suga na ƙara hawa. Tsofaffin mu su suka fi bani tsoro wallahi, don ƙishi baya taso musu da wuri, wata sai ta fara ruɗewa ake kawo ta.

Mu mata dama ruwan jikin mu bai kai na maza ba, kusan kashi 50 ne na nauyin jiki, su kuma 60, ga aman laulayi ga shayarwa duk suna ja. Hukumar lafiyar abinci ta Turai a 2010 ta sa wa mace lita 2 a rana har da ruwan cikin abinci, mai ciki ta ƙara mililita 300, mai shayarwa 700. Wani bincike a Faransa da ya fito a 2011 ya bi mutum 3,615 tsawon shekara 9, masu shan ƙasa da rabin lita a rana su suka fi samun hawan suga.

Amma fa ruwa baya maye gurbin ƙwaya ko allurar insulin, kuma lemun kwalba baya cikin lissafi. Mai ciwon ƙoda ko zuciya da likita ya ƙayyade mata ruwa ta tsaya kan adadin da aka ce mata.