Rana guda cikin ngalawa a gaɓar Nungwi

Kwana biyar ke nan da dawowata daga Zanzibar, amma har yanzu in na kwanta sai in ji gado yana lilo da ni kamar ina kan ruwa. Hutun mako guda muka je ni da ƙanena a watan Janairu, muka sauka a Nungwi, can ƙarshen arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Hanya ba ta da wani abin faɗa. Ranar da muka shiga ngalawa ce ta tsaya mini a rai.

Ngalawa kwale-kwale ne siriri, galibi daga gungumen mangwaro ake sassaƙa shi, a ɗaura masa katako dama da hagu kamar fukafukai don kada ya kife. Babu inji. Wani ƙaton ƙyalle ne mai kusurwa uku, da suke kira tanga, iska ke cikawa ta tura shi.

Samarin da ke tallar yawon ruwa a bakin teku sun ɓata mini rai. Ɗayansu ya yanka mana kuɗi da dala, da na ce ya faɗa da shilin ɗin Tanzaniya sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in ba ni da hali in zauna a kan yashi. Ba haka ake yi wa baƙo ba, ko ba zai saya ba. Muka wuce gaba, wajen da masassaƙa ke haɗa manyan jiragen katako da hannu, muka tarar da wani dattijo yana ɗinke tangarsa. Na yi sallama, ya amsa cikakkiya har da barakatuhu. Abin da ya nema bai kai rabin na yaron can ba, kunya ta hana ni neman ragi.

Ya ce mu zo "saa mbili asubuhi", wato "sa'a ta biyu da safe" da Swahili. Ma'aikacin masaukinmu ne ya fahimtar da mu cewa ƙarfe takwas yake nufi, domin Waswahili daga ƙarfe shida na safe suke fara ƙirgen sa'o'i. Harshen ma ya ba ni mamaki: asubuhi, dunia, habari, Alhamisi, duk kunnen Bahaushe yana kama su. Da waɗannan da nuni da hannu muka yi hirar yini guda.

Abu ɗaya na kafe a kai, rigar kariya. Ƙanena bai iya iyo ba. Na ce, "Baba, in babu riga ba za mu shiga ba." Bai ji haushi ba, ya aiki jikansa ya aro mana biyu. Duk mai niyyar irin wannan yawo, don Allah kada ya yi sakaci da wannan.

A Janairu iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, wadda suke kira kaskazi, saboda haka tana bayanmu muka gangara kudu zuwa ƙauyen Kendwa. Da tanga ta cika, sai jirgin ya zabura, babu ƙarar komai sai shuuu na ruwa a jikin katako. Ruwan garau, kana hango farin yashi da duwatsun murjani a ƙasa. Baba ya miƙa mini igiyar tanga, ya nuna mini in sassauta in iska ta yi ƙarfi, in ja in ta lafa. Igiyar tana fizgar hannu kamar ragamar doki. Shi kuwa ba agogo, ba na'ura, launin ruwa kawai yake duba ya san inda yake da zurfi. Ya nuna mana tsibirin Tumbatu a yamma, ya ce ba a sauka can sai da izinin mutanen wurin.

Komowa ce ta yi wuya, don iska ta koma gabanmu. Sai a nufi cikin teku, a juyo, a sake nufar gaɓa, kuma kowane juyi sai an kewaya da doguwar sandar tanga zuwa ɗaya gefen da ƙarfin damtse. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba a zuwa ta ci mana kusan uku. Tafin hannuna ya yi kanta, rana ta gasa mu. Da muka taka yashi, Baba ya ja mu gidansa muka yi alwala muka yi azahar tare, ya ƙi karɓar ƙarin ko sisi a kan kuɗin da muka daidaita da shi tun farko.

Sauran kwanakin mun yi su a Stone Town, tsohuwar unguwar birnin Zanzibar, muna ɓacewa a lunguna. Daga nan jirgin ruwa mai inji zuwa Darussalam, kimanin awa biyu, sai filin jirgi.