Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Muciya

Makon jiya na tsaya a kan shigowata Jidda da bizar Umara, bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, rumfunan abincinmu na tasha, mu 'yan daudu, suka zama abin nuni. Zan ci gaba, amma sai na fara sauke maganar Baffa.

"Mai riƙe da muciya ba ya riƙe gida." A zaure ya faɗe ta, gaban ƙannena, ranar sunan 'yata ta fari. Ragon sunan kuwa da kuɗin tuwo na saye shi, kuma ya ci.

A unguwar Karantina ta Jidda na sauka, wurin uwar ɗakina, Allah ya jiƙanta. Ita ma ɗan daudu ce, tana da mata da 'ya'ya a gida. Ita ta koya mini zaman Takari: a titi jallabiya da hula, murya a danne, hannu ba ya karyewa, in an rufe ƙofa a ɗaura zani, a yi shewa. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, ga askarawa, ga 'yan Hai'a, wato hisbar Saudiyya, waɗanda sai a 2016 aka karɓe musu ikon kama mutane. Lokacin aikin Hajji mu hau Makka, mu kafa tukwane a Shara Mansur. Alhaji in ya kwana biyu yana cin kabsa, shinkafar Larabawa, ko nawa ka ce masa malmalar tuwo da miyar kuka zai biya. Waina da soyayyar kaza kuwa ba sa kai la'asar.

Riyal ɗin nan shi ya zagaye gidanmu da bulo, ya biya makaranta, ya yi wa Baffa aikin ido. Mai riƙe da muciya.

Uwar yara ban da abin da zan ce da ita sai godiya. Ta san ko ni wane ne tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Da matan unguwa suka dame ta da habaici, cewa ta yi ita dai ba ta taɓa kwana da yunwa ba, su je su tambayi masu gemun nasu.

Auren 'yata ne ya fi ci mini rai. Baffa ya yi walicci, wannan al'ada ce, ban ja ba. Amma ya hana a ambaci sana'ata, aka ce wa dangin ango wai canji nake yi a Makka. Alhali kayan ɗaki ni na zaɓa, gara ni na tsara ta waya, har yadda za a yi alkaki da dubulan kada su sha mai. Yarinyar ta kira ni da dare tana kuka, ta ce, "Baba, ko Umma ba ta yi mini abin da ka yi ba."

Ɗana namiji kuma ya biyo Baffa. Wata rana muna waya ya ji wani yarona ya ce, "Hajiya, miya ta ƙare," tun daga nan gaisuwarsa ta koma saƙo. Kuɗin makaranta dai bai taɓa dawo da su ba. Yanzu an ce shi ma yana maimaita maganar muciyar a majalisa, yaron da na goya a bayana uwarsa na jego.

Mako mai zuwa sai kamen marasa iƙama na 2013, da yadda aka kai uwar ɗakina Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu.